Kama da Wane Ba Ta Wane: Sharhi a kan Danganta Tarihihin Bayajida da Labarin Gidan Annabi Ibrahim

1.0 Gabatarwa

Garin Potiskum da ke Jihar Yobe yana kan babbar hanyar da ta haɗa Kano da Maiduguri, wato tsakanin ƙasar Hausa da ƙasar Barno. Bolawa da Ngizimawa da Karekare da Ngamo da Fulani da Barebari da Hausawa suna cin kasuwa ɗaya a cikinsa, kuma Hausa ce harshen cinikinsu. Kusan kowace al'umma daga cikin waɗannan tana da labarin asalinta, kuma da yawa daga cikin labaran suna fuskantar gabas. Bolawa, alal misali, sun ce daga Yaman suka taso kafin su zauna a Daniski, daga baya kuma Fika. Shi kansa Bayajida, bisa ga ruwayar Daura, ta Barno ya ratso kafin ya yi yamma. Saboda haka wannan yanki ya dace a tsaya a cikinsa a auna wata fassara da ta yaɗu tsakanin manazarta, wadda ke cewa tarihihin Bayajida labarin gidan Annabi Ibrahim (A.S.) ne, kamar yadda ya zo a littattafan Ibrananci na Bani Isra'ila, aka sake masa riga.

Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗora wannan fassara a kan ma'auni biyu, na adabi da na harshe. Matsayin da maƙalar ta ɗauka shi ne, kamar da ke tsakanin labaran biyu gaskiya ce, amma ba ta kai ta zama hujjar ƙaurar Bani Isra'ila zuwa ƙasar Hausa ba, domin akwai bayanin da ya fi kusa, wanda kuma yake da shaidu.

2.0 Labaran Biyu a Taƙaice

2.1 Ruwayar Daura

Ruwayar da ta fi shahara ta nuna cewa Bayajida ɗan Sarkin Bagadaza ne. Ya sauka Barno ya auri 'yar Mai, daga baya ya gudu, ya bar matarsa a Garun Gabas inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya isa Daura da dare, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu wadda ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Magajiya Daurama. Da yake al'adar sarautarta ta hana ta kusantar namiji a lokacin, sai ta ba shi wata baiwa Bagwariya, wadda ta haifi ɗa aka sa masa suna Karɓagari. Daga baya ita ma Magajiya ta haihu, aka kira ɗanta Bawo. 'Ya'yan Bawo shida, idan aka haɗa da Biram, su ne tushen Hausa Bakwai, zuriyar Karɓagari kuwa aka ce ita ce tushen Banza Bakwai. Har ila yau, ruwayar ta ce kakannin sarauniyoyin Daura daga Kan'ana suka fito.

2.2 Ruwayar Littafin Farawa

A sura ta 16 da ta 21 na Littafin Farawa, wanda shi ne na farko a cikin Attaura, an kawo cewa Saratu ba ta haihu ba, sai ta ba mijinta baiwarta Hajara, mutuniyar Masar. Hajara ta haifi Isma'ila lokacin da Ibrahim yake da shekara 86, Saratu kuma ta haifi Is'haƙa yana da shekara 100. Daga nan kishi ya shiga, aka fitar da Hajara da ɗanta zuwa jeji, alkawari da gado suka bi ta kan Is'haƙa, sannan ɗansa Yakubu, uban ƙabilu 12 na Bani Isra'ila. Sura ta 25 ta lissafa wa Isma'ila shi ma 'ya'ya 12.

3.0 Fassarar Dierk Lange

Masanin da ya fi kowa tsayawa a kan wannan fassara shi ne Dierk Lange, Bajamushe, wanda ya koyar a Jami'ar Bayreuth. Wajibi ne a ba shi haƙƙinsa tun da farko, domin shi ne ya tace ya buga Diwanin sarakunan Kanem-Barno a 1977, ya kuma fitar da littafin Imam Ahmad ibn Furtu kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma a 1987, littafin da ya ambaci Ngizimawa tun a ƙarni na 16. Duk mai nazarin tarihin Barno yana cin gajiyar waɗannan ayyuka.

A littafinsa Ancient Kingdoms of West Africa na 2004, da wata maƙala da ta fito a 2012, Lange ya jera taurarin labaran biyu kafaɗa da kafaɗa: Bayajida a mazaunin Ibrahim, Magajiya a mazaunin Saratu, Bagwariya a mazaunin Hajara, Karɓagari a mazaunin Isma'ila, Bawo kuma a ɓangaren Is'haƙa da Yakubu. Ya kuma kawo hanyar da yake ganin labarin ya biyo. Daular Assuriya ta ci Samariya wajen shekara ta 722 kafin Miladiyya, ta kwashe Bani Isra'ila da yawa. Da Nineba ta faɗi a shekara ta 612 kafin Miladiyya, a ganinsa, wasu daga cikin al'ummomin da aka kwasa sun yi gudun hijira har suka iso yankin Tafkin Cadi da ƙasar Hausa, suka kafa dauloli. A 2011 ya fitar da wani nazari da ya ɗora kafuwar Kanem a kan irin waɗannan 'yan gudun hijira wajen shekara ta 600 kafin Miladiyya.

Akwai wata hujja mai ƙarfi da ke goyon bayan wannan ra'ayi, kuma bai kamata a kauce mata ba. A wurin Musulmi, Annabi Isma'ila (A.S.) mai daraja ne ƙwarai, shi ne kakan Manzon Allah (S.A.W.). Idan da daga bakin malaman Musulunci aka ɗauko labarin, ta yaya za a mayar da ɗan baiwa uban waɗanda aka kira Banza? Fifita ɗan uwargida a kan ɗan baiwa ya fi kama da ruwayar Littafin Farawa. Wannan tambaya ce za a amsa a 4.2.

4.0 Ma'aunin Adabi

4.1 Saɓanin Ruwayoyi

Ƙa'ida ta farko a nazarin adabin baka ita ce a tattara ruwayoyi a jera su bisa tsufansu kafin a yanke hukunci. Idan aka yi haka a nan, sai ginin ya fara tsagewa. A Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, Bawo bawan Sarkin Barno ne, kuma daga gare shi ƙasashen nan bakwai suka samo asali. Heinrich Barth, wanda ya zaga ƙasar Hausa da Barno tsakanin 1850 da 1855, ya ji cewa Bawo ɗan Karɓagari ne, jikan Biram. Ke nan a ruwayar Barth, mutanen biyu uba ne da ɗa, ba 'yan uba masu takara ba. A ta Bello kuwa, tabon bauta a jikin Bawo yake, wato wanda aka ce shi ne Is'haƙa, ɗan 'yantacciya.

Cikakkiyar siffar da ta ƙunshi uwargida da baiwa da 'ya'ya biyu ta bayyana ne a rubuce-rubucen farkon ƙarni na 20, irin wadda E. J. Arnett ya buga a 1910 da wadda H. R. Palmer ya kawo a 1928. Wanda ya zaɓi wannan siffa kaɗai, ya ce ita ce ta tsira tun 612 kafin Miladiyya, yana bukatar mai karatu ya yarda cewa baki ya riƙe labari fiye da shekara 2400 ba tare da ya gurɓata ba, alhali a cikin shekara 100 kacal, daga Bello zuwa Arnett, dangantakar taurarinsa ta sauya sau biyu. Bugu da ƙari, labarin yana ɗauke da tambarin zamaninsa: Halifa Mansur ne ya gina Bagadaza a 762 Miladiyya, ranar Juma'a kuma ranar Musulmi ce.

4.2 Gadon Wa Ake Jayayya a Kansa?

A Littafin Farawa, abin da ake gado na uba ne. Ibrahim ne aka yi wa alkawari, dukiya tasa ce, matan biyu kuma suna neman rabo ne ga 'ya'yansu daga hannunsa. A Daura kuwa, al'amarin a juye yake. Gari na Magajiya ne, sarauta tata ce tun kaka da kakanni, Bayajida baƙo ne da ya zo da doki da wuƙa. Saboda haka Karɓagari ya rasa sarauta ne domin uwarsa ba ta da gari, Bawo kuma ya samu domin shi ne ɗan mai gari. Wannan ita ce amsar tambayar da aka tayar a 3.0. Ba a bukatar Littafin Farawa kafin a gane dalilin fifita Bawo, domin dalilin yana cikin zubi da tsarin labarin kansa. Jigonsa shi ne yadda mulki ya tashi daga hannun mata ya koma hannun maza ba tare da jinin gidan sarauta ya yanke ba.

Sunayen ma shaida ne. Karɓagari da Bawo, kamar yadda masu ruwaya ke warware su, zance ne na kishiyoyi a cikin tsantsar Hausa: wannan ta ce ɗanta ya karɓi gari, waccan ta mayar mata da cewa a bawo garin, wato a maido shi. Sunayen Ibrananci kuwa wata alƙibla suka fuskanta, domin Yishma'el yana nufin Allah yana ji, Yitshak kuma yana da alaƙa da dariya. Mai neman kama ko ta halin ƙaƙa yana iya cewa ai sunan Bayajida ma, wanda ake warwarewa da "ba ya ji da", yana ɗauke da kalmar ji, saboda haka shi ne Isma'ila. Wannan ya nuna sauƙin ƙera irin wannan dangantaka, da kuma haɗarin da ke cikinta.

Sannan akwai abubuwan da babu su. Ginshiƙan labarin Ibrahim su ne kiran Ubangiji, da alkawari, da kaciya, da rashin haihuwa har tsufa, da korar baiwa zuwa jeji, da umurnin yanka ɗa. Ko ɗaya daga ciki bai bayyana a Daura ba. Lissafi ma bai zo daidai ba, can 12 da 12, nan 7 da 7. Abin da ya rage bayan an tace shi ne mutum ɗaya, mata biyu, 'ya'ya biyu, da takarar gado, wanda kuwa labari ne da ake iya tsinta a kowane gidan sarauta da ke da uwargida da ƙwarƙwara.

4.3 Baƙo a Bakin Rijiya

Zuciyar tarihihin Bayajida ita ce rijiya da macijiya, kuma wannan ba shi da takwara a labarin Ibrahim da matansa. Idan dole sai an nemo masa ɗan'uwa a ƙissoshin annabawa, to labarin Annabi Musa (A.S.) a Madyana ya fi kusa: mai gudun hijira ya iso bakin ruwa, ya taimaki waɗanda aka tauye, ya sami aure a garin. Wannan yana cikin sura ta 2 ta Littafin Fitowa, yana kuma cikin Suratul Ƙasas, wadda kowane gardi ya rubuta a allonsa. Kisan dodon ruwa kuwa tubali ne da ya game Afirka ta Yamma. Soninke suna da macijin Wagadu mai suna Bida. Tarihus Sudan na Abdurrahman Sa'adi, na tsakiyar ƙarni na 17, ya kawo labarin baƙon da ya zo daga Yaman ya kashe kifin da mutanen Kukiya ke bauta wa, aka naɗa shi sarkin Songai. Ashe Bayajida yana da 'yan'uwa a maƙwabta, tun kafin a je nemo masa su a Kan'ana.

5.0 Ma'aunin Harshe

A nan ne Potiskum take da abin cewa. Tun bayan rabe-raben Joseph Greenberg na 1963, da aikin Paul Newman da Roxana Ma na 1966, an tabbatar da cewa Hausa tana cikin iyalin harsunan Cadi, reshen yamma, tare da Bolanci da Karekare da Ngamo da Ngizim da Bade. Russell Schuh ya zauna a Potiskum yana nazarin harshen Ngizim, ya fitar da ƙamusunsa a 1981, daga baya kuma shi da Alhaji Maina Gimba suka jagoranci aikin da ya samar da ƙamusoshin harsunan Yobe a 2004. Saboda haka kalmomin wannan yanki a rubuce suke, kowa yana iya bincikawa.

Gaskiya ne akwai kalmomin da Hausa ta yi tarayya da Ibrananci a cikinsu. Kalmar mutu tana da takwara a saiwar m-w-t ta Ibrananci da Larabci. Sai dai ita wannan kalma tana nan a Bolanci, motu, da harshen Ngizim, mətu, da sauran harsunan Cadi masu yawa. Wannan gado ne daga tsohuwar uwa ta babban iyalin Afro-Asiya, wadda ta rarrabu dubban shekaru kafin a san wata al'umma mai suna Bani Isra'ila. Kalmar huɗu ta ƙara fito da batun sarari: a harshen Ngizim fəɗu ce, a tsohon harshen Masar f-d-w, amma a Ibrananci arba. Kalmar gado tana nuna dangantaka ta nesa, kalmar aro ce ke nuna cuɗanya.

Aro kuwa ba ya ɓuya. Al'ummar da ta kawo wa wata tsarin mulki takan bar sawunta a harshe. Greenberg ya nuna a 1960 cewa Hausa ta aro kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa da birni ta hanyar Barebari, haka kuma sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima. Daga Azbinawa aka sami takobi da raƙumi da takarda. Larabci ya ba da alƙali da hukunci da waziri. Kowane rukuni yana da tsarin sauye-sauyen sautinsa da ake iya bi. Babu wani rukuni makamancin wannan na Ibrananci ko na harshen Assuriya da aka tabbatar a Hausa ko a harsunan Yobe ta hanyar ƙa'idojin kwatanta harsuna.

Hujja mafi sauƙin gani ita ce sunayen annabawan Bani Isra'ila a bakin Bahaushe. Ana cewa Musa, Ibrananci kuwa Moshe. Ana cewa Sulaimanu da Haruna, can kuwa Shelomo da Aharon. Sunayen Yunusa da Iliyasu suna ɗauke da sautin s wanda babu shi a Yona da Eliyahu na Ibrananci, amma yana nan a Yunus da Ilyas na Larabci. Abin da Hausa ta yi kawai shi ne ta ƙara wasali a ƙarshe, kamar yadda ta saba yi wa baƙuwar kalma. Hatta waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932 bisa jagorancin Dakta Walter Miller, sunayen da suka tarar a ƙasa suka ɗauka, irin su Ibrahim da Musa da Dauda da Yakubu. Da a ce zuriyar Bani Isra'ila ce ta kafa Daura, da an sa ran ko da suna ɗaya ya tsira da siffarsa ta Ibrananci.

6.0 Hanyar da Ƙissoshin Suka Biyo

Ƙissoshin Bani Isra'ila sun iso ƙasar Hausa, babu musu, kuma hanyarsu sananniya ce. Malaman tafsiri na farko sun karɓi ruwayoyi daga irin su Ka'abul Ahbar da Wahabu ibn Munabbih, abin da ake kira Isra'iliyyat. Waɗannan suka shiga tarihin Ɗabari, wanda ya rasu a 923, da littafin ƙissoshin annabawa na Sa'alabi, wanda ya rasu a 1035. Labarin Hajara da kishin Saratu yana cikin Sahihul Buhari. Tarihin Kano ya nuna zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), da zuwan malaman Fulani da littattafai a zamanin Yakubu (1452 zuwa 1463). Daga nan ƙissoshin suka sauka zaurukan karatu da wuraren tafsirin azumi, suka shiga bakin jama'a. Idan har wani mai ruwaya a Daura ya gyara labarinsa ya yi kama da na Saratu da Hajara, to ga inda ya ji shi.

Ambaton Kan'ana ma ta nan ya shigo. Masana tarihi na Larabawa sun saba danganta al'ummomin Afirka da zuriyar Kan'ana, kamar yadda Ibn Haldun ya tattauna game da asalin Barbar na Magrib. Muhammadu Bello ya bi wannan turba inda ya danganta Yarabawa da Kan'ana da Namaruzu. Sefawa na Barno sun jingina kansu da Saifu ibn Zi Yazan na Yaman, Bolawa ma Yaman suka nuna. Wannan salo ne na neman gurbi a cikin taswirar duniya kamar yadda malaman Musulunci suka zana ta. Yahudawan da tarihi ya tabbatar da zamansu kusa da wannan yanki su ne irin na Tuwat a cikin Sahara, waɗanda Shehu Magili ya yi rigima da su kafin zuwansa Kano a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), kuma tsakaninsu da faɗuwar Nineba akwai kimanin shekara 2000.

Ƙasa ma ta ba da tata shaidar. A 1987 aka gano kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe ta yanzu, tsakanin Potiskum da Gashuwa, mai kimanin shekara 8000. Tone-tonen da aka yi a Daima da Gajiganna da Zilum a ƙasar Barno sun nuna al'ummomi suna bunƙasa a wurin daga ƙananan matsugunai zuwa manyan garuruwa, kuma ba a fito da rubutun Ibrananci ko na Assuriya daga cikinsu ba.

7.0 Kammalawa

Wannan muhawara ba ta tsaya a ɗakin karatu ba. Tun a 1930 C. G. Seligman ya yaɗa ra'ayin cewa duk wata wayewa a Afirka baƙi ne daga arewa maso gabas suka kawo ta, kuma irin wannan tunani ne Abdullahi Smith ya ƙalubalanta a maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, inda ya mayar da hankali ga bunƙasar ƙauye zuwa gari, gari zuwa birni. Fassarar da aka duba a nan, duk da zurfin karatun mai ita, tana mayar da hannun agogo baya. A gari irin Potiskum kuwa, inda fadar Sarkin Fika da ta Sarkin Potiskum suke cikin gari guda, kuma kowace al'umma take riƙe da tarihin zuwanta, labarin asali yana shafar sarauta da ƙasa da zaman tare. Duk abin da masani ya sa wa hannu yau, gobe yana iya zama hujja a takardar koke.

Abin da wannan maƙala ta nuna shi ne, tsofaffin ruwayoyi ba su goyi bayan jerin da aka yi ba, gadon da ake jayayya a kansa a Daura na uwa ne, harshe kuma ya nuna cewa ta Larabci ƙissoshin Bani Isra'ila suka iso. Aikin da ke gaban manazarta harsunan Nijeriya shi ne su tattara ruwayoyin asali na Bolawa da Ngizimawa da Karekare da Ngamo a cikin harsunansu, tare da sunan mai ruwaya da wurin da ya yi karatu, sannan a kwatanta su da littattafan ƙissoshi da ake karantawa a zaurukan yankin. Ta haka ne za a gane abin da aka aro, da lokacin da aka aro shi, da kuma abin da mai ruwaya ya yi da shi bayan ya shigo hannunsa.